Mode Direba da Jijiyoyin Idonsa

Akwai wani direba a Bodinga mai suna Mode, wanda ke ɗaukar albasa daga ƙauyukan Shagari zuwa Sakkwato. Shekara ashirin yana bin hanyar nan bai taɓa buge ko akuya ba.

Mode mutum ne mai jiki. Tun da ya sayi motar kansa ya dinga kumbura, har sai da aka ja masa kujera baya don tumbinsa ya daina taɓa sitiyari. Kullum cikin nama da lemon kwalba yake. In matarsa Rahama ta ce ya rage, sai ya ce jikin hutu ne, masu hassada ne ke kiransa ciwo.

Wata rana rubutun waya ya fara yi masa dishi-dishi, ya tafi asibiti neman tabarau. Likitar da ta duba shi Nana Fatima ce, 'yar wani abokinsa Kamilu na Kajiji. Ta ɗauki hoton cikin idonsa, ta nuna masa.

"Baba Mode, ka ga waɗannan ƙananan jijiyoyin jini? Sun fara tsukewa. Yawan ƙiba na wahalar da su, kuma yakan zo da hawan jini da ciwon suga. A gwada ka yau, sannan ka rage nauyi."

Mode ya yi dariya. "Ke ɗiyar Kamilu, ido na kawo miki, mi ya haɗa shi da cikina? Gabana anka haihe ki. Ba ni gilashi in tahi."

"Baba, ba ya ciwo, shi ya sa nake tsoronsa."

Ko takardar gwajin bai karɓa ba. Ya sayi tabarau a kasuwa.

Bayan shekara biyu ya fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a idonsa na hagu. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ce Mode ya tsufa da tuƙi.

Ranar wata Laraba da hantsi, ya taso daga Horo Birni da lodi. Daf da Shagari duhu ya rufe masa gefen hagu gaba ɗaya. Bai ga mai babur ɗin da ya fito ta wajen ba, ƙarar kawai ya ji.

Mai babur ɗin Abdulaziz ne, malamin firamare, maƙwabcinsa. Ya rayu, amma an yanke masa ƙafa.

A asibiti Nana Fatima ta sake duba Mode. Jijiyoyin sun fashe, jini ya zuba a cikin idon. Suga ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Ta ce na hagu ya tafi, na dama kuma za a yi ƙoƙari a tsare ɗan abin da ya saura. Ba ta tuna masa maganarsu ta baya ba.

Sai bayan wata guda ya iya zuwa gaida Abdulaziz, Rahama na riƙe da hannunsa. Ya durƙusa da ƙyar a bakin tabarma.

"Malam, ka gahurta mini. An hwaɗa mini tun da wuri, ni na ƙi ji."

Abdulaziz ya dube shi. Ya ce, "Na yafe maka, Mode. Amma da ka ce ƙaddara ce kawai, da ya fi mini sauƙin ɗauka."

Darasi: Ƙiba mai yawa ba alamar hutu ba ce, tana iya lalata ƙananan jijiyoyin ido ba tare da ciwo ba. Ku gwada suga da hawan jini, ku kai ido a duba, kuma kada girman kai ya hana ku jin gaskiya daga na ƙasa da ku, domin ba ku kaɗai abin zai shafa ba. Ku tura wa wanda kuka san yana bukatar jin wannan.