Kwaɗon Rijiyar Habila

Akwai wani maigida mai suna Habila, yana da rijiya a ƙofar gidansa, a nan duk unguwa take ɗiban ruwa. Sai ya tafi karatun wata uku a makarantar masu bishara. Abu biyu ya dawo da su: kalmar Helenanci, harshen Girkawa, guda ɗaya tak, agatos, wato nagari, da dabarar kafa magana biyu a ciro ta uku daga cikinsu. Tun daga ranar kunnen kowa bai huta ba.

Wata safiya ya ga laka a gindin gugan Liyatu, gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Agatos shi ne abin da bai gauraya da ƙazanta ba. Gugan mutane yana kawo ƙazanta. Saboda haka nagarta ita ce a rufe rijiya." Ya sa murfi, ya danna kwaɗo, ana tsakiyar bazara. Shi bai rasa kome ba, yana da famfo a cikin gida.

Liyatu ta durƙusa a gaban Habila ta ce, "Baban Rahila, surukata tana kwance, rafi kuma da nisa."

Ya ce, "Nuna mini inda hujjata ta karkace."

Ina za ta san hujja? Ta ɗauki tulunta ta tafi. Wata biyu tana zuwa rafi har ƙafafunta suka tsage. Ni kam duk sa'ad da na kai nan raina yakan ɓaci.

Ran nan malamin da ya koya masa ya zo ziyara, aka tarar an ɗauke ruwan famfo. Habila ya buɗe rijiya da fahariya, ya ja guga. Ruwan ya fito kore shar, yana ɗoyi, gama rijiyar da aka daina ɗiba lalacewa take yi. Liyatu ce ta kawo wa baƙon ruwa a moɗa, daga tulun da ta ɗauko a ka daga rafi.

Da malamin ya ji labarin, ya fusata ya ce, "Wa ya koya maka haka? Jerin maganarka daidai ne, amma ta farkon ƙarya ce. Agatos shi ne abin da yake amfanar wani. Je ka cire kwaɗon nan yanzu!"

Ma'anar wannan misali ita ce, rijiyar nan zuciyarka ce, kwaɗon kuwa shi ne hujjar da kake ginawa don kada ka taimaki ɗan'uwanka. Karatu ba laifi ba ne, ku yi shi. Amma idan tunaninka ya bi daki-daki ya kai ka ga hana gwauruwa ruwa, koma ka duba maganarka ta farko, a can ƙaryar take. Kaitonmu, mu da muke iya faɗin nagarta da Helenanci alhali maƙwabta suna shan ruwan rafi! Liyatu ba ta san ma'anar kalmar agatos ba, amma ruwanta aka sha.