Waldar da Ba-ta-kwana Ya Ɓoye

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai walda ne kuma makaniki, kuma ba zan rage masa komai ba: Allah ya ba shi hannu. Idan ya haɗa ƙarfe da ƙarfe, sai ka ga ɗinkin ya kwanta sumul, jere-jere kamar ɓawon kifi. Duk direban da ke unguwar, ko daga nesa ya hango walda a jikin mota, ya san idan tasa ce.

Garejinsa rumfar kwano ce a bakin titi, da injin walda a kusurwa, da benci ɗaya a ƙofa inda direbobi ke zama suna jira suna tsokanar juna. Ana ce masa Ba-ta-kwana, domin yana alfahari mota ba ta kwana biyu a hannunsa. Kirarin ya shiga kansa har ya yi masa ɗaki. A duniya akwai kalmomi uku da bakinsa bai taɓa furtawa ba: ban iya ba.

Mutumin nan yana da wa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Wan direba ne, yana da a-kori-kura tsohuwa wadda yake ɗauko kayan lambu da ita daga gonaki zuwa kasuwa. Mutum ne mai sanyin hali, kuma ya yarda da ƙaninsa ɗari bisa ɗari. Ko a gaban wa yakan ce, in dai ƙanina ya taɓa mota, ni ko ido rufe zan tuƙa ta.

Wata rana motar ta fara gurnani daga baya, tana ƙas-ƙas idan an juya. Aka ɗaga ta a jak, aka kwance notuna, aka buɗe tukunyar giyoyi, ƙarafan nan masu haƙora, wadda ke tsakanin ƙafafun baya. Baƙin mai ya zubo da ɓarɓashin ƙarfe a ciki.

Bari in yi muku bayani, don na san cikinmu akwai waɗanda iyakar saninsu da mota shi ne su hau su ce a tafi. Idan mota za ta bi lanƙwasa, tayar waje tana da tafiya mai nisa, ta ciki kuwa gajeriya. Dole ɗaya ta yi sauri, ɗaya ta jira. Ƙananan giyoyin da ke cikin tukunyar nan su ne ke ba kowace taya damar tafiya daidai da hanyarta. Tukunyar motar wan kuma irin mai faya-fayai ce a ciki, wadda idan taya ɗaya ta faɗa taɓo tana sulɓi, sai faya-fayan su kama, su tura ƙarfi ga ɗayar ta fitar da motar. Abin da ya sa yake shiga gonaki da damina ke nan ba ya maƙalewa.

To, faya-fayan sun cinye, haƙoran ƙananan giyoyin sun kakkarye.

A tsallaken titi akwai wani tsohon makaniki, wanda kowa ke kira Baba. Ya tsallako da tsummansa a kafaɗa, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce wannan ba ta gyaruwa, sai dai a sa wata, kuma irinta sai an aika nesa, kwana goma aƙalla. A gaban direbobin benci ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa.

Shi ma Ba-ta-kwana ya san gaskiya ce. Amma idanu suna kansa, kuma wani daga benci har ya fara dariya yana cewa yau dai za ta kwana. Sai ya goge hannu, ya dubi wansa.

"Yaya, gobe da la'asar ka zo ka ɗauki motarka."

Ya 'yan uwa, me ya hana shi ya ce Baba ya yi daidai? Wa zai yanke masa hannu? Ba kwaɗayi ba ne, don wansa ne, ko sisi ba zai karɓa ba. Girman kai ne tsagwaronsa, rawanin tsiya.

Washegari da safe ya ja ƙofar rumfar ya rufe, abin da ba ya yi. Ya wanke giyoyin tas, ya kunna inji, ya narka su ya haɗe wuri guda, suka zama dunƙule ɗaya. Daga yanzu tayoyin baya biyu sai dai su juya tare, babu mai jiran wata. Makanikai sun san wannan dabara. Ana yi wa motar da aikinta cikin taɓo ne kawai, kuma da sanin mai ita. Ba a yi wa motar da ke hawa kwalta da kaya niƙi-niƙi, balle a ɓoye wa direba.

Ga wani abin mamaki. Aikin da ba wanda zai gani, a cikin tukunya, cikin baƙin mai, amma hannunsa bai iya yin mummunar walda ba. Ya jera ɗinkin nan sumul kamar kullum, har ya tsaya yana kallonsa yana jin daɗi. Sannan ya rufe, ya ɗaure notuna, ya zuba sabon mai.

Da la'asar wan ya zo ya tayar da mota, ba gurnani, ba ƙas-ƙas. Direbobin benci suka ɗau kirari. Baba dai daga tsallake ya kalla. Wan ya tambayi ƙaninsa yadda ya yi, shi kuma ya ce ya samo wasu giyoyi ne a cikin tarkacensa. Ƙarya ta farko ke nan.

Allah mai haƙuri ne, ba ya kama bawa tun a tashin farko. Bayan mako guda wan ya dawo yana yabon motar, wai a taɓo yanzu ta fi da ƙarfi, amma a kan kwalta idan ya juya sai tayoyin baya su riƙa kuka, motar tana ɗan tsalle, tana neman ƙin bin sitiyari. Ya tambaya ko akwai abin da ya kamata ya sani.

Ga ƙofa Allah ya buɗe masa, ba kowa a benci ranar, daga shi sai wansa. Zuciyarsa ta ce ya faɗa. Bakinsa ya ce sabon gyara ne, za ta saki jiki.

Ranar ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta tsokane shi, wai ko walda aka yi wa bakin. Bai yi dariya ba. Ya ce a ransa zai aika a kawo sabuwar tukunyar a ɓoye, ya sauya ba wanda ya sani. Gobe, jibi, gata. Kun san gobe ta mai laifi ba ta zuwa.

Wata safiya aka yi yayyafi, irin wanda ke jiƙa kwalta ya bar ta da santsi. Wan ya taso daga gona da kwandunan tumatir har sama. Ya zo wata lanƙwasa a gangare, wadda ya bi sau dubu, ya karya sitiyari kamar kullum. Tayoyin baya suka ƙi rabuwa, bayan motar ya zame, ƙarfen da ke riƙe taya ɗaya ya ɓalle, motar ta juya ta faɗa rami. Waɗanda suka fara isowa suka ga titi ja wur, suka ɗora hannu a ka, ashe tumatir ne. Allah ya yi da sauran kwana. An zaro shi da rai, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu.

Aka jawo motar aka ajiye a bakin titi, gaban garejin Baba. Direbobi suka taru, kowa na son sanin abin da ya kayar da direban da bai taɓa ko goga mota ba. Baba ya buɗe tukunyar, ya sa tsumma ya share mai. Bai ambaci sunan kowa ba, kuma ba a buƙata. Ga ɗinki nan jere kamar ɓawon kifi, kuma kusan duk wanda ke tsaye a wurin yana da irinsa a jikin motarsa. Gwanintar da yake taƙama da ita, ita ta tsaya ta ba da shaida a kansa.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Benci ne kawai ya zama fayau. Mai mota a rumfarsa ya zo ya tura abarsa ya fita da ita. Kowa yana tunanin, wanda ya yi wa wansa haka, ni me ya ɓoye mini? Injin walda ya yi ƙura, shi kuma ya zauna shi kaɗai daga safe zuwa yamma, kunya ta hana shi ko duban tsallaken titi.

Abin da ya fi ƙona shi kuwa, labarin da matarsa ta kawo daga asibiti. Ta ce duk wanda ya je dubiya ya taɓo maganar, sai Yaya ya ɓata rai ya ce a daina, ƙaninsa ba zai yi masa haka ba, hassada ce. Mutum yana kwance da ƙafa a rataye, yana kare wanda ya kwantar da shi.

A nan ne, ya 'yan uwa, mutumin ya yi abin da ya cece shi. Ya tashi ya tafi asibiti, ya tsuguna a gefen gadon, ya faɗi komai tun daga rufe ƙofar rumfa, bai ɗora wa ruwan sama ko kwalta laifi ba. Yana faɗa yana kuka.

Wan ya kalli silin, ya ce, "Sau biyu na tambaye ka." Ya juya fuskarsa bango.

Wata uku ba su yi magana ba. Amma mutumin bai zauna jiran a yafe masa ba. Ya sayo tukunyar gaskiya, ya tsallaka titi da kansa ya roƙi Baba ya tsaya a kansa ya ɗora ta. Ya miƙe jikin motar, ya riƙa tuƙa ta zuwa gonaki yana ɗauko kayan, abin da aka samu ya kai gidan wansa ya ajiye ya juya. Ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa kowa inda ya taɓa yin ƙwange a motarsa. Wasu suka tsuke baki, wasu suka ce Allah ya shirya.

Rannan da hantsi yana zaune a rumfar, sai ga wansa yana ɗingishi, ya dafa sandar asibiti ɗaya, ɗayar kuma a hannu, ta tsage daga tsakiya. Ya zauna a bencin da ya daɗe ba mai zama, inda duk titi ke ganinsa. Ya miƙa masa sandar da ta tsage ya ce a ɗinka masa.

Mutumin ya karɓa, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa. Alminiyam ce, farin ƙarfen nan marar nauyi, kuma injinsa ba ya kama irinsa. Zai iya liƙa wani abu a kai ya shafa fenti, ta yi kyau a ido. Ga shi wannan ne abu na farko da wansa ya roƙe shi. Ya ɗago ya dubi wansa.

"Yaya, wannan ban iya ba. Injina ba ya cin irin wannan ƙarfen. Idan na liƙa, za ta karye da kai."

Sai wan ya yi dariya har da hawaye.

"Na sani. Baba ya gaya mini tun jiya. Bakinka na zo ji. Matso mu zauna, ƙanina."

Kafin wata ya ƙare benci ya fara cika. Yanzu motoci suna kwana a garejinsa, wata ma har mako, kuma masu su sun fi samun barci.

Ya 'yan uwa, ha'inci ba a ma'auni da sikeli kaɗai yake ba. Duk aikin da ka rufe ka ɗaure noti a kansa, kana fatan kada a buɗe, ka sani akwai Wanda ya gani tun kafin ka rufe. Tela, magini, mai ba da magani, har da mu masu hawa mumbarin nan muna magana, wa ya fi ƙarfin cewa ban sani ba? Mutumin nan kalma uku ya ƙi faɗa, wansa ya biya da ƙafa, kuma har yau yana ɗingishi, don tuba tana goge zunubi amma ba ta miƙe ƙashi. Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba, ya ƙwanƙwasa, an buɗe masa. Wanda yake da irin wannan tukunyar a ɓoye, ya je ya buɗe ta yau da hannunsa, tun yayyafi bai sauko ba.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da cin amana, ya sauƙaƙa wa harsunanmu faɗin gaskiya, ya ba mu 'yan uwa masu yafiya. Amin.