Jajayen Idanun Direba

Akwai wata ɗaliba mai koyon aikin ba da shawara, 'yan ajinsu suna kiranta Na-Gano, don kafin mutum ya rufe baki ta riga ta gano matsalarsa. Malamarta ta sha ja mata kunne cewa sauraro ne gaba da fahimta. Ta yi kunnen uwar shegu.

Da aka tura ta wata cibiyar ba da shawara gwajin aiki, sai wani kamfanin sufuri ya aiko direbansa, don an ga yana gyangyaɗi a bakin aiki. Dattijo ne, idanunsa jajur, rigarsa na warin magani.

Ya ɗosana a bakin kujera, ya fara cewa ya daɗe rabonsa da barci. Ta katse shi.

"Baba, me kake sha?"

Ya ce shayi kawai. Ta yi dariya, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk sanda ya buɗe baki sai ta ɗaga masa hannu, ta ci gaba da zuba masa abin da ta haddace a aji. Ya gaji, ya miƙe ya fita.

Manajan kamfanin ya bugo waya. Ba ta tuntuɓi malamarta ba, ta ce masa direban ɗan ƙwaya ne. Aka kore shi. Magana ta bazu, babu mai ba shi mota.

Da malamar ta bincika, ashe matar direban ce ke kwance da shanyewar ɓarin jiki. Duk dare shi ke juya ta, ya wanke ta, ya shafa mata magani, gari na wayewa ya hau mota. Hutu kawai yake so a roƙa masa a wurin kamfanin.

Cibiyar ta sallami Na-Gano. Ɗalibar ta yi ta tambaya har ta sami gidan direban. Ta tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, an jingine wata katifa a rana. Ta durƙusa tana kuka.

"Tashi, 'yata," ya ce. "Matata ta rasu tana jin maƙwabta na kirana ɗan ƙwaya. Yanzu ina samun barci. Babu mai tashe ni."

Darasi: Kada idonka ya yanke wa mutum hukunci kafin kunnenka ya gama jin sa. Wanda ya kawo maka damuwarsa, amana ya kawo. Ku tura wa duk wanda mutane ke kai wa kukansu.