Aljanin Junaidu da Naman Watanda

Akwai wani saurayi a Gummi mai suna Dalhatu. Tun rasuwar mahaifinsa shi ke raba wa unguwa naman watanda a jajibirin Sallah, da wuƙar da ya gada, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar wannan amana.

Da yamma kuma shi ne alƙalin wani wasa da samari ke yi a kan tabarma. Zai ƙirƙiro labarin daji da dodanni, kowa ya ɗauki jaruminsa, a jefa ɗan ludo a ga mai tsira. Dokar a bayyane take: in ka kira aljani ya taimake ka a wasan, jifa uku zai yi maka ya ɓace.

Ran nan dodo ya tare jarumin Bilyaminu, ɗaya daga cikin samarin. Bilyaminu ya kira aljani, jifa uku na cika Dalhatu ya kore shi, dodo ya cinye jarumin. Bilyaminu ya haɗiye, ai doka ce.

Da aka zo kan Junaidu, mai ara wa Dalhatu babur, sai aljaninsa ya yi uku, ya yi biyar, yana nan daram kamar an ɗaura musu aure. Son kai ƙiri-ƙiri, ko kunya babu! Ni kaina abin ya ƙona min rai.

Bilyaminu ya miƙe a fusace. "Kai Dalhatu! Nau ukku yay yi kak kore shi!"

"Nashi babba na," in ji Dalhatu. "Wasa na hwa."

"Ko dai bisa babur yaz zo?"

Bilyaminu ya saka takalminsa ya tafi.

Jajibiri ya zo, aka yanka sa, Dalhatu ya iso da wuƙarsa. Bilyaminu ya tare gabansa, ya kwashe labarin kaf ya faɗa wa dattawa. "Wanda yak kasa adalci ga aljanin ƙarya ba ya raba muna naman gaske!"

Baba Makau, dattijon unguwar, ya dubi Junaidu. "Haka anka yi?" Junaidu ya sunkuyar da kai.

"Dalhatu, mai da wuƙar ubanka kube," in ji Baba Makau. Ya juya ga wani magidanci. "Arzika, zo ka raba."

Dalhatu ya koma gefe da kwanonsa, yana jira a miƙo masa kamar kowa.

Darasi: A ƙaramin abu ake gane mai amana. Wanda ya karkata a wasa, ba za a yarda da shi a gaske ba. Ku tura wa duk wanda ake sa wa ya raba tsakanin mutane.