Gonar da Aka Hana Hutu

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum a ƙasar tuddai ta Bani Isra'ila, a shekarun da alƙalai suka tsufa, jama'a suka nace sai an naɗa musu sarki kamar sauran al'ummai. Ba zan faɗi sunansa ba. Jikokinsa suna raye, kuma kunyar da suka gada ta ishe su.

Mutumin nan yana da gona a gangaren kwari, gadon kakanni tun ranar da aka raba ƙasa da ƙuri'a. Sha'ir a ƙasa, zaitun a tudu, rijiya a tsakiya. Ita ce cinsa, ita ce sunansa a gari.

Kun san alkawarin da ke tsakaninmu da Ubangiji. Ƙasa tasa ce, mu baƙi ne a cikinta. Shekara shida a noma, ta bakwai a rataye garma a bar ta ta huta, abin da ya tsiro da kansa na gwauruwa ne da maraya da baƙo. A kan wannan alkawari kuma, ba mai ƙwace wa mutum gadonsa ko shi wane ne.

Ranar da aka zuba wa sarki mai a ka, babu wanda ya kai mutumin nan ihun murna, har muryarsa ta dishe. Da shekarar hutu ta zagayo, kowa ya saki shanunsa. Shi kuwa ya ji labari Filistiyawa sun taso, runduna tana neman hatsi, kuma duk wanda ya ciyar da mayaƙa fada ba za ta manta da shi ba. Sai zuciya ta shiga yi masa saƙa.

Matarsa Tirza ta same shi yana gyaran karkiya. Ta roƙe shi, ta tuna masa rumbu cike yake, ta ce ubansa bai taɓa huɗa a shekara ta bakwai ba kuma bai mutu da yunwa ba. Ya ce ta je ta ji da niƙanta.

Dattijo Elyada, wanda ya shekara talatin yana shari'a a ƙofar gari, ya dogaro sandarsa har bakin gona. Ya ce, "Ɗana, kwance shanun nan. Amana ce a hannunka."

Mutumin ya yi dariya a gaban jama'a. "Baba, wancan alkawari na zamanin da ba mu da sarki ne. Ranar da aka zuba mai ya ƙare. Yanzu sarki ne mai ƙasa. Ku tsofaffi ku ci gaba da gadin ciyawa."

Ya huɗa, ya shuka. Gwauraye suka zo tsintar abin da ya tsiro, ya kore su da sanda. Allah kuwa ya yi masa talala, ruwa ya sauka yadda ake so. Kwari duk ciyawa da ƙaya, gonarsa kaɗai ta yi kore shar, ana hango ta daga babbar hanya. To wa kuke zaton zai fara hangowa?

Wakilin sarki ya zo da mayaƙa. Mutumin ya yanka musu rago, ya kawo gurasa da ɓaure, ya zagaya da wakili kowane lungu yana washe baki. Wakili ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce bai ga irinta ba a duk yankin. Wawa! Shi a zatonsa yabo ne.

Bayan girbi wakili ya dawo, wannan karon da igiyar awo. Ya ce sarki ya ba wani jaruminsa gonar, ladan yaƙi.

Mutumin ya ruga ƙofar gari, ya kece rigarsa, ya zuba ƙura a ka, ya faɗi gaban dattawa. "Iyayena, ku cece ni. Gadon ubana ne. Alkawarin Ubangiji ya hana."

Wakili ya ce, "Wane alkawari? An ce mini kai da bakinka ka ce sarki ne mai ƙasa. Ko sharri aka yi maka?"

Mai gonar nan, mutum biyu kawai yake nema su tashi su ce bai faɗa ba. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunaye, kowa ya sunkuyar da kai. Elyada ya ce, hawaye na bin gemunsa, "Ɗana, da kunnena na ji ka." Sannan ya juya ya gaya wa wakili cewa duk da haka sarki ma ba shi da wannan iko. Wakili ko kallonsa bai yi ba. Maganar alƙali ta zama surutun tsoho, kuma wa ya fara mayar da ita haka a garin nan?

Mutumin ya yi tafiyar kwana uku a ƙasa zuwa sansanin sarki, masu gadi suka koro shi. Ya dawo ƙafa a kumbure. Da yunwa ta ci ƙarfin gidansa, ya shiga ƙodago a gonar da aka haife shi a cikinta, yana ce wa baƙo ranka ya daɗe. Baƙin ciki ya cinye shi, bayan shekara biyu ya kwanta ciwo.

A ƙarshen gonar akwai kogon da aka binne ubansa da kakanninsa. Da ya ji mutuwa ta matso, ya kama hannun Tirza yana kuka, ya ce ba ya son komai, ta roƙa masa wurin kwanciya kusa da ubansa kawai. Ta je ta durƙusa. Jarumin ya ce ya dasa inabi a bakin kogon, ba zai tuge shi saboda ɗan ƙodago ba. A gefen hanya aka binne shi, inda ake binne matafiyin da ba a san danginsa ba.

Ya 'yan uwa, alkawarin da ya hana shi noma shi ne ya hana a ƙwace masa. Abu ɗaya ne, ba a yanke rabi a riƙe rabi. Sarki zai zo, sarki zai tafi, Mai ƙasa yana nan. Wane umarni ne ka ce zamaninsa ya wuce don ya tsaya maka a wuya? Ka sani ranar da za ka neme shi da kuka tana tafe.

Allah ya kiyaye mu da warware alkawarinsa, kada ya bar mu a hannun waɗanda muka fifita a kansa. Amin.