Notin da Aka Ce Kada Ya Taɓa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, direba, wanda Allah ya yi wa ni'ima bai san darajarta ba.

Yana da a-kori-kura mai injin silinda takwas, yadda ya fito daga kamfani, ba a taɓa buɗe shi ba. Da ita yake ɗaukar siminti da rodi, da ita yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Shekara tara motar nan ba ta taɓa ba shi kunya a hanya ba. Ku gaya mini, me ya rage masa in ba godiya ba?

To, a tashar da yake lodi akwai wani direba da ake ce wa Guguwa, kullum sai ya wuce shi a hawa yana ɗaga masa hannu. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya tafi garejin yayansa, wani bakanike mai furfura, ya ce a sa masa turbo, na'urar nan da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi don ya ƙara gudu.

Yayan ya sa masa. Ya kafa wani ɗan agogo mai auna ƙarfin iskar kusa da sitiyari, ya saita allurarsa a kan shida. Ya ce, "A shida za ta ja maka kaya har ka tsufa. Takwas ce iyaka, don fistin ɗin kamfani da ke sama da ƙasa a cikin injin ba za su ɗauki abin da ya wuce haka ba. Ga notin da ke ƙara iskar nan. Kada hannunka ya kai kansa."

Ya ce, "To, Yaya."

Motar ta yi ƙarfi, ta daina nishi a hawa. Amma Guguwa bai daina wuce shi ba. Ran nan sai ya ɗauki sifana ya murɗa notin, allura ta hau tara. Bai ga komai ba. Bayan sati biyu ya kai ta goma sha biyu, ya wuce Guguwa, 'yan tasha suka yi ta tafa masa. Ya 'yan uwa, tafi yana da daɗi, amma ba ya ƙara wa ƙarfe kauri.

Inji ya fara magana. In ya taka mai sai a ji wata ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Allurar zafi ta fara ɗagawa. Me ya yi? Ya ƙure muryar rediyo.

Da ya kai motar canjin mai, yayan ya kasa kunne, ya dube shi ya ce, "Ka taɓa notin nan?"

Ya ce, "Wallahi ban taɓa ba." Alhali da safen nan ya mayar da shi shida, da yamma kuma ya kai shi goma sha biyar. Kun ga yadda rashin godiya ya haifi girman kai, girman kai ya haifi rantsuwar ƙarya.

Wata rana da hantsi ya ɗauko mahaifiyarsa daga asibiti, an yi mata aikin ido, fuskarta a naɗe da bandeji. A tsakiyar hawa ya hango Guguwa a gabansa. Tsohuwar ta ce, "Yi a hankali mana, kaina yana juyawa." Ya ce, "Yanzu za mu isa, Inna," ya take totur har ƙasa.

Sai wata ƙara kamar an harba bindiga. Ƙarfen fistin ya karye, ya fasa jikin injin ya fito. Baƙin mai ya watsu a kan salansa mai zafi, wuta ta tashi. Ƙofar Inna ta ƙi buɗuwa. Da hannuwansa biyu ya kama ƙarfen ƙofar yana ƙuna, ya fizge shi, ya goyo ta ya fito da ita. Suna zaune a bakin hanya motar ta ƙone ƙurmus, tsohuwar tana lalubar fuskarsa tana cewa, "Kai dai lafiyarka ƙalau?"

Yatsunsa sun ƙanƙance, har yau ba sa riƙe sitiyari. Mota ta tafi, sana'a ta tafi. Yanzu a garejin yayan nasa yake zama a kan benci, yana sauraren injinan mutane yana faɗin ciwonsu. Da bakinsa ya ba ni labarin nan, kuma ban ji ƙorafi ko ɗaya ba. Ya ce mini, "Malam, da Inna ta ƙone a motar nan, ina zan sa kaina? Hannu kawai aka karɓa. Yaya ya yafe mini, Inna tana gani da idonta. Alhamdu lillahi."

Ya 'yan uwa, godiyar da ya koya a cikin wuta, mu mu koye ta muna zaune lafiya. Jikinka yana da iyaka, kasuwarka tana da iyaka, haƙurin iyalinka ma yana da iyaka. In wanda ya fi ka sani ya nuna maka inda za ka tsaya, ka tsaya, ka gode.

Allah ya sa mu gane ni'imarsa tun tana hannunmu. Allah ya kiyaye mu da butulci da son a gani. Amin.