Harsashin da Ke Huda Ƙofa

An yi wani mutum a nan garinmu Kohat, ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa na raye. Manomin gwaiba ne. Gidansa na cikin wani lungu da gidaje suka manne da juna. Da farko ba mugu ba ne. In gwaiba ta nuna, babu gidan da ba ya aika wa kwando.

Wata rana yana dawowa daga Peshawar 'yan fashi suka tare shi. Suka ƙwace babur ɗinsa, suka sa shi kwanciya rub da ciki a gefen titi. Bai ji rauni ba, amma tsoro ya shige shi, ya ƙi barinsa. Ya nemi lasisi, ya sayi ƙaramar bindiga. Har nan babu laifi, ya 'yan uwa. Kare kai halal ne.

Saura harsashi. Ya je shagon wani tsoho mai sayar da makamai, Haji Zarwali. Tsohon ya zuba masa koren shayi, ya ajiye kwali biyu a gabansa.

"Wannan in ya sami abu, nan yake tsayawa," in ji Haji. "Wancan kuwa ba shi da birki. Ya huda ƙofa, ya huda na bayan ƙofar, ya wuce neman na uku."

"Ba ni marar birkin."

"A lungunku? Inda in ka yi atishawa maƙwabci ke ce maka yarhamukallah? Ɗana, harsashi ba ya tambayar suna."

"Haji Sahib, ranar da aka kwantar da ni a titi ba ka nan. Ni ba zan sake tsayawa duba fuskar mutum ba. Daga bayan ƙofa zan gama da shi."

"To ai kai ba kare kai kake nema ba," in ji tsohon. "Wanda za ka huce a kansa kake nema."

Amma bai hana shi ba, ya miƙa masa kwalin.

Mutumin ya jingina wani tsohon ƙyaure a gona ya harba, harsashi ya fita ta baya. Abin ya yi masa daɗi. Karo na farko tun ranar fashin ya ji kamar ya miƙe daga titin nan. Ya riƙa faɗa a wurin mai shayi: "Duk wanda ya taɓa min ƙofa, daga ciki zai ji amsa." Mutane na dariya. Shi kuwa da ya lura dariyar ta fara raguwa, sai ya ɗauka girma ne ya zo.

A nan zunubin ya shiga. Waɗanda suka cuce shi sun tafi, bai san su ba. Sai ya ɗora zarginsu a kan waɗanda ya sani. Wa ya gaya wa ɓarayi ranar tafiyarsa? Wa ke kallon gidansa? Kowa a lungun ya zama abin tuhuma.

Ranar Babbar Sallah da hantsi, maƙwabcinsa Mir Alam, direban motar haya, ya ɗauko naman layya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mutumin bai tambayi ko wane ne ba. Ya harba saman ƙyaure, wai gargaɗi. Harsashin ya huda katako, ya tsallake lungu, ya fasa randar ruwa a soron Mir Alam, inda mahaifiyarsa ke zaune.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Dattawa suka taru suka ce ya ba da haƙuri. Mir Alam ma ya sauƙaƙa masa, ya kira shi Lala, wato yaya a harshenmu: "Lala, ka ce kuskure ne, shi ke nan, mu ci namanmu." Mutumin ya ce shi ai ya riga ya yi gargaɗi.

Matarsa Bakht Zari ta ce, "Yau randa ce. Gobe 'yarka ce za ta dawo daga makaranta ta tura ƙofa." Ta kwashe yara ta koma gidan ubanta a Hangu. Ya saura shi kaɗai da ƙofa a kulle. Mai madara ya daina zuwa. Masu wucewa suka koma bin ɗaya gefen lungun.

Wata azahar ta tsananin zafi, yana tsakar gida zai yi alwala, sai ɓarin jikinsa ya shanye, ya faɗi. Yana ji, yana gani, harshe ya ƙi juyawa. Sai gurnani kawai.

Maƙwabta sun ji. Sun taru kuwa, don mutanen kirki ne. Yana kwance yana jin muryoyinsu.

"Lala, lafiya? Mu shigo?"

Ya so ya ce ku shigo. Bai iya ba.

"A ɓalle ƙofar mana."

"Kai ka ɓalle ta. Ni ina da yara."

Wa zai ga laifinsu? Shi ya koya musu tsoron ƙofar nan, kuma sun koya. Aka aika a kira surukinsa daga Hangu. Rana na dukansa a tsakar gida, inuwa ta matsa, aka kira la'asar. Sai da Mir Alam ya dawo daga aiki ya ji abin da ake ciki. Ya jingina tsani a katanga ya hau, yana kiran sunan kansa da ƙarfi: "Ni ne Mir Alam, Lala, kada ka harba."

Ya same shi kusa da buta, ƙudaje na bin bakinsa. Bindigar na ɗaki, ƙarƙashin matashi.

A asibiti likita ya ce da an kawo shi da wuri, da akwai abin yi. Bai sake tafiya ba, bai sake magana ba. Gonar ta tafi a magani. Matarsa ta dawo ta yi jinyarsa shekaru, Mir Alam ne ke zuwa ya taya ta juya shi, har Allah ya karɓi abinsa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai kashe kowa ba. Amma ya munana zato ga waɗanda ba su yi masa komai ba, ya tsorata maƙwabci, aka ce ya tuba ya ƙi. Mai riƙe da makami ya tambayi zuciyarsa: kare iyalina nake so, ko so nake a ji tsorona? Ranar da ka faɗi, ba bindiga za ta ɗaga ka ba. Maƙwabci ne, in ka bar masa hanyar shigowa.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Allah ya kiyaye mu daga mummunan zato, ya sa maƙwabtanmu su aminta da mu, mu ma mu aminta da su. Amin.